Kujera Biyar, Mu Shida

Litinin, 5 ga Mayu, bayan La'asar

Mijina Alhaji Lateef ya ce zai sayar da Mai Tari. Yana wanke hannu ya faɗa, kamar mai cewa gishiri bai ji a miya ba. Mai Tari ita ce motarmu, tsohuwa mai kujera bakwai, wadda tun daga bakin titi nake jin zuwanta in ɗora ruwan shayi. Wai zai sayi mota mai lantarki, irin wadda ake jona wa wuta kamar waya.

Na ce to Ogbomosho fa?

Tun shekarar da soja suka koma bariki, da ya sayi motarsa ta farko, ba mu taɓa yin Babbar Sallah a Kano ba. Ni a nan Fagge aka haife ni, Yarbancina na baki ne kawai, rubutu sai da Hausa. Amma mahaifiyata, Iya, ta koma garinmu Ogbomosho tun bayan rasuwar Baba, ta kuma rantse ta gama da doguwar hanya. Sau ɗaya nake ganinta a shekara. Mukan sa rago a bayan mota, mu loda albasa da wake, mu bi ta Kaduna da Mokwa mu haye gadar Jebba, yara suna faɗa a kan taga har mu isa. Yanzu Sallah saura wata guda, mijina yana zancen motar da kafin ta kai Kaduna ta fara haki.

Ya ce fetur ya yi tsada tun da aka cire tallafi. Na ce bara ma da tsadarsa muka je. Ya ce Allah ya kai mu, za a san yadda za a yi. In Alhaji ya ce za a san yadda za a yi, to ya riga ya gama shirinsa, ni ce dai ba a gaya wa ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Na ɗauko ragowar littafin makarantar autata Fathia zan dinga rubutawa, tunda kwana biyun nan ina gida ba mai sauraron surutuna. Ban je shagona na kasuwar Singa ba saboda zafi. Zafi ne kawai.

Laraba, 7 ga Mayu, bayan Magariba

Okechukwu ya zo. Shi ne mai shagon batir da sola a Sabon Gari, aminin Alhaji tun suna samari, in ba ka ji sunansa ba sai ka rantse Bakano ne. Suka baje a tabarma suna duba hotuna a waya, ni ina gefe ina tsinke zogale, kunnena yana wurinsu.

Motoci uku ne. Sunayensu ba sa shiga bakina, sai na raɗa musu nawa. Akwai Kunkuru, 'yar ƙarama mai kujera huɗu, ita ce mai araha, amma caji ɗaya ba ya cika mata kilomita ɗari biyu. Akwai Tantabara, fara tas, kujera biyar, tana yin ɗari uku da 'yan kai, kuɗinta ya kusa ninka na Kunkuru. Sai Giwa mai kujera bakwai, wadda ke wuce ɗari huɗu. Da aka zo kan kuɗin Giwa sai da Okechukwu ya yi gyaran murya. Da kuɗin nan mutum zai sayi gida a Kwaciri har ya yi masa fenti.

Na ce a wacce za a sa rago? Okechukwu ya yi dariya har da buga cinya, dariyar da ta fi ƙarfin maganar. Sai na ajiye tire na tambaye shi, tsakaninsa da Allah, wacce a cikinsu ke kaiwa Jebba.

"Hajiya, babu," in ji shi. "Ko ta kai rabin hanya, ba inda za ki jona ta. In kuma an kunna na'urar sanyi, tafiyar raguwa take yi."

Alhaji ya hau duba farcensa.

Da farko na ɗauka Okechukwu ne ke neman la'ada, ya haɗa mu da mota ya ɗora mana sola a kai. Ɗan kasuwa ne, ni ma 'yar kasuwa ce, ban ga laifinsa ba. Tambayoyin Alhaji ne suka tsaya mini a rai. Mutumin da in ana zancen mota ba ya tambayar komai sai gudu da ƙarfin inji, yau shi ne ke tambayar ko tana jijjiga mutum a rami, ko ƙofarta tana da tudu, ko kujerar gaba tana kwanciya sosai. Wa zai kwanta?

Alhamis, 8 ga Mayu, da hantsi

Ban je shago ba, babbar 'yata Nafisat ta je. Zafi ne.

Asabar, 10 ga Mayu, bayan Azahar

Philomena matar Okechukwu ta kawo mini farfesun kifi a kula. Shekara da shekaru muna tare, ba ta kawo mini abinci sai ranar Kirsimeti ko in na haihu. Ta zauna ta yi ta yaba fuskata, wai na yi fes. Ni kuwa ina da madubi.

Ana cikin hira ta ce ai motar nan za ta yi mini daɗi, tunda ba hayaƙi, ba warin fetur ɗin da ke tayar mini da zuciya. Na ce wa ya gaya miki fetur na tayar mini da zuciya? Ta ce a'a, ai kowa ma yana tayar masa. Ta kama gyaran ɗankwalin da ba abin da ya same shi.

Sau ɗaya abin ya faru, watan jiya, a hanyarmu ta dawowa daga asibitin nan na hanyar Zariya. Daga ni sai Alhaji a motar. Ke nan maganata ta je Sabon Gari ta zauna a falon mutane.

Tunda na ambaci asibitin, bari in rubuta sau ɗaya, ba zan sake ba. Da sakamakon gwaji ya fito, likita ya dube ni ya yi murmushi, ya ce Hajiya ɗan jira mu a benci. Na jira. Alhaji ya fito ya ce ba komai, gajiya ce da ƙarancin jini, an rubuta magani. Idonsa ja wur. Ya ce wani abu ne ya faɗa masa a ido. Ban tambaya ba.

Farfesun ya yi daɗi. Ban iya shan na kirki ba.

Talata, 13 ga Mayu, bayan La'asar

An kai ni ganin motocin. Ni na ce sai na je, tunda ko akuya ba a saye a hoto. Wurin wani dillali ne, Alhaji Sammani, mai baki kamar an shafa masa zuma. Muka je da Alhaji da ɗanmu Ridwan.

Kunkuru dai ko kallo na biyu ban yi mata ba. In na shiga da gwaggwarona na biki sai an cire rufin. Giwa tana can gefe an lulluɓe ta da tampol, Alhaji ko nufar wajenta bai yi ba. Tantabara ya yi ta zagayawa. Na gan shi ya durƙusa ya auna tudun ƙofarta daga ƙasa da taƙi, sannan ya saci kallon ƙafafuna. Ya ɗauka ban gani ba.

Sammani ya zaga da mu a ciki. Gaskiya ɗaya ce, motar ba ƙara, ba wari, kamar ana jan mutum a kan tabarma. Na ji daɗinta, na kuma ji haushin jin daɗin.

Da muka tsaya na ce kujera biyar ce fa. Ridwan ya ce, "Ai ta ishe mu, Mama." Sai ya rufe bakinsa da hannu. Uban ya harare shi.

Ni, Alhaji, Nafisat, Ridwan, Akeem, Fathia. Na ƙirga a mota, na ƙirga a gida, na sake ƙirgawa a kan sallaya, Allah ya yafe mini. Mu shida ne. Ba mai shirin aure, ba mai shirin tafiya karatu. To wa aka cire?

Laraba, 14 ga Mayu, da Asuba

Wa aka cire?

Juma'a, 16 ga Mayu, bayan an sauko daga masallaci

A gidanmu ba a gaya wa mai ciwo ciwonsa. Haka muka taso muka gani, wai in ya ji, zuciyarsa za ta riga jikinsa karyewa. Likita ya gaya wa manya, manya su gaya wa na kusa, kowa ya sani har mai kawo ruwa, ban da mai jikin. Lokacin Baba haka aka yi, Iya ce ta tsara komai. Aka yi masa sabuwar katifa, aka dinga dafa masa abin da yake so, 'yan dubiya suna shiga suna ce masa ai jiki ya yi kyau. Har ya koma ga Allah yana cewa gyambon ciki ne, yana shirin zuwa Legas sarin kaya bayan Sallah.

Saboda haka na san irin wannan kirkin kamar yunwar cikina. Akeem, da sai an yi faɗa yake ɗauke kwanon da ya ci abinci, jiya shi ya wanke mini hijabi. Fathia ta daina kunna waƙa. Nafisat in ta dawo daga Singa sai ta ce ciniki lafiya lau, ba ta ƙara kawo mini ƙarar kowa ba, a kasuwar da ba a wuni ba a yi cacar baki da 'yan dako ba.

Ina jin tsoro. Ga shi nan na rubuta. Amma haushi ya fi tsoron yawa. Ni da nake gane jabun madara tun tana cikin kwali, ni za a yi wa wayo da mota?

Ko kuma dai zafi ne, ni ce nake ta saƙe-saƙe. Zannuwana sun yi mini yawa, amma ai kowa yana ramewa da bazara.

Lahadi, 18 ga Mayu, da yamma

Na kira Iya. Kowace shekara warhaka ta fara aiko da saƙo: albasa mai ja, wake wanda ƙwari ba su taɓa ba, kilishi kar a cika yaji, rago kuma kar Lateef ya sake kawo mai gajeren ƙaho irin na bara, maƙwabta suna kallo. Yau ko tsinke ba ta nema ba. Na ce Iya me za a taho miki da shi? Ta ce ba ta buƙatar komai, ni dai in dinga cin abinci. Na ce ranar Laraba kafin Sallah za mu taso in sha Allah. Sai ta ce Allah ya sa mu ga juna.

Kullum Allah ya kawo ku lafiya take cewa.

Har da ita ke nan. Tana can ƙetaren Kwara ta san abin da ni mai jikin ban sani ba.

Laraba, 21 ga Mayu, da sassafe

In Alhaji zai yi maganar da ba ya so yara su ji, Yarbanci mai zurfi yake juyawa. Ya manta ni ba yarinya ba ce. Na ji shi a soro yana waya da ƙaninsa kan filinmu na Ogbomosho, wanda muka saya muka ce in mun tsufa za mu gina 'yan ɗakuna, ni in dasa ayaba a baya, shi ya zauna a gaba yana yi wa masu wucewa ƙaryar Kano. Na ji ya ce a karɓi abin da aka taya, ba lokacin ja-in-ja.

Alhaji Lateef, wanda ko tumatir zai saya sai mai tumatir ya gaji ya bar masa, shi ne ke cewa a karɓi abin da aka taya.

Mutum ba ya sayar da wurin da zai tsufa sai in ya san babu wanda zai tsufa da shi a can. Da ya shigo na tambaye shi da wa yake waya, ya ce Okechukwu. Na ce Okechukwu ya koyi Yarbanci ke nan? Sai ya ce, kin sha maganinki?

Alhamis, 22 ga Mayu, da hantsi

Na sha. Ban je shago ba.

Asabar, 24 ga Mayu, da Azahar

Okechukwu ya zo da ma'aikatansa sun hau rufi, sun jera farantan sola, sun ja wata waya mai kauri har bakin ƙofa. Wai ko ba wuta mota za ta sha caji da rana. Ina kwance kusa da taga ina jin su. Alhaji ya tambaye shi, in ana zuwa hanyar Zariya a dawo sau biyu a mako, da na'urar sanyi a kunne, har da zaman jira, caji ɗaya zai kai mako? Okechukwu ya ce ko Kunkuru za ta yi wannan, balle manyan. Sai ya rage murya ya ce wani abu, na dai ji Alhaji ya ce, "Kuɗin ne, Oke. Kuɗin nake jira."

Ashe tun farko ba Jebba ake aunawa ba. Ni ina lissafin hanyar Ogbomosho, su suna lissafin hanyar Zariya. Me muke da shi a can da za a je sau biyu a mako? Ba shago, ba dangi.

Na san amsar. Ba zan rubuta ba.

Talata, 27 ga Mayu, bayan La'asar

An tafi da Mai Tari. Wani mutumin Kurna ne ya saye ta, zai dinga ɗaukar 'yan makaranta. Ban fita ba. Na ji tarinta har ta sha kwanar masallaci, daga nan unguwa ta yi shiru. A kujerar bayanta Fathia ta fara cewa Mama, muna kan gadar Jebba. Alhaji ya shigo ya ce ai mota ce kawai, ya shige banɗaki ya daɗe.

Can kuma sai ga rago. Babba, mai ƙaho irin wanda Iya ke so. Aka kafa masa turke a tsakar gida, Akeem ya jibge masa harawar da za ta kai shi har Sallah. Ragon da za a yi tafiya da shi ba a kafa masa turke. Ba wanda ya ce mini an fasa tafiya, rago ne ya gaya mini.

Ba zan ga Iya ba bana. In kuwa ban gan ta bana ba

Alhamis, 29 ga Mayu, da safe

An yi ruwa jiya, gari ya yi sanyi. Yanzu ba ni da zafin da zan ɗora wa laifi.

Asabar, 31 ga Mayu, bayan Magariba

Na tare shi, yara suna waje. Na ce Baban Nafisat, wacce ka biya? Ya ce ana kan magana. Na ce ni ban tambaye ka abin da likita ya ce ba, ba kuma zan tambaya ba, na san gidan da na fito. Abu ɗaya nake so.

"In mai kujera biyar ce, ka gaya mini tun yanzu, in san yadda zan raba zannuwana."

Ya ajiye carbinsa. Sannan ya ce, "Sherifat, ki bar zannuwanki a inda suke." Rabon da ya kira sunana tun kafin a haifi Nafisat. Ya tashi ya tafi masallaci, alhali ba a kira Isha'i ba.

Wannan amsa ce? Na juya ta gaba da baya kamar takardar kuɗin da nake zargi, ban gane komai ba.

Litinin, 2 ga Yuni, da hantsi

Nafisat ta yi tafiya, wai bikin ƙawarta a Kaduna. Wace ƙawa ce ke aure ranar Litinin, a makon Sallah, lokacin da Singa ke cika har ba wurin sa ƙafa? Ta bar shago a hannun Ridwan, wanda bai san bambancin kwalin madara da na sabulu ba. Jakar da ta ɗauka kuma ba anko a ciki, na duba. Kowa a gidan nan ya zama maƙaryaci, kuma ba wanda ya iya.

Laraba, 4 ga Yuni, da hantsi

Da warhaka mun wuce Zariya. Na fito da zannuwana, na ware na Nafisat da na Fathia. Na sake mayarwa.

Alhamis, 5 ga Yuni, ranar Arfa, bayan Magariba

Ban ji zuwanta ba. Shekara ashirin da ɗoriya da kunne nake gane dawowar Alhaji, yau da La'asar ina zaune a tsakar gida kusa da rago sai kawai na ga inuwa ta rufe ƙofar gida. Fathia ta leƙa, ta dawo ta kama hannuna.

Giwa ce. Ta cika lungunmu har masu babur suna raɓawa. Alhaji ya fito ya zagaya ya buɗe ƙofar baya. Nafisat ce ta fara saukowa, ba anko ba lalle. Sannan wata ƙafa ta sauko a hankali, da silifas na roba, ta sami ƙasa ba tare da an ɗago mai ita ba.

Iya.

Matar da ko babur ba ta hawa, jirgin sama ta hau. Tun da ta yi rantsuwar nan sau ɗaya ta taka garin nan, lokacin da aka binne yayana. Da na gan ta a bakin ƙofa ban ƙara buƙatar likita ba.

Na yi niyyar durƙusawa in gaishe ta yadda aka koya mini, gwiwa biyu a ƙasa, ta riƙe ni ta ce kar in soma. Ta kori kowa daga ɗaki, har Alhaji. Ta zauna a bakin gado ta zare mini ɗankwali ta shafa kaina. Da Yarbanci ta yi maganar.

"Ni na ce a ɓoye wa babanki. Ya tafi bai yi sallama da kowa ba, yana lissafin kayan Legas. Shekarun nan duka abin yana cin raina. Mijinki ya ce bakinsa ba zai ɗauka ba, na ce to ya kawo ni. Ni na haife ki, ni zan gaya miki."

Ta gaya mini. Sunan abin, da inda ya kai, da abin da za a fara ranar Talata, da abin da likita yake fata, da abin da ya ce ba zai yi alkawari ba. Ba zan rubuta sunan a littafin Fathia ba.

Na yi kuka, ba kaɗan ba. Bayan nan Iya ta shiga kicin ta kori Nafisat daga kan tukunya ta tuƙa amala da kanta. Na ci, na cinye.

Juma'a, 6 ga Yuni, ranar Sallah, bayan an sauko Idi

Babbar Sallata ta farko a Kano tun ina amarya. Da Giwa muka je Idi. An kwantar mini da kujerar gaba, ba wari, ba jijjiga. Iya tana bayana tana mitar rago, wai ƙahon ya yi, amma wuyan fa? Ridwan ya ce shi ranar da ya ce biyar ta isa, nufinsa zai dinga bin mu a babur. Na ce Allah ya shirye ka, ka kusa kashe uwarka kafin lokacinta. Sai Iya ta fashe da dariya, sannan kowa ya samu ya yi.

Da muka dawo yara suka fita wajen yanka, na riƙe hannun rigar Alhaji. Na ce filinmu ka sayar saboda kujera biyu? Tantabara ai ta ishi hanyar Zariya, ragowar kuɗin ya yi magani.

Ya ce na magani yana nan, ya ware shi tun kafin ya taɓa zancen mota. Kuɗin filin kuma sai Litinin ya shigo, shi ya sa ranar da na tare shi bai yi mini alkawarin abin da ba ya hannunsa ba. Ya ce da farko Tantabara ya yi niyya, saura ƙiris ya ba da kafin alƙalami.

Na ce to me ya canza?

"Ranar da muka je wurin Sammani na ga bakinki yana motsi. Na san ƙirga kike yi. Da na sayi mai biyar, duk ranar da kika shiga sai kin ƙirga."

Na ce ai ko yau sai da na ƙirga. Ya ce nawa kika samu?

Bakwai. Har da ni.

Talata za mu fara zuwa. Na gaya wa Nafisat ta jona motar tun ranar Litinin, kuma kar kowa ya taɓa mini kujerata.